Wane Suna Za a Sa wa Girkin Umma?

Incheon, farkon Nuwamba

Kawu Manbok,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya gwiwar? Sanyi ya fara shigowa tsibirin ko tukuna? Ni da yara lafiya ƙalau, sai dai bayan nan nawa da ya gaji da tsayuwa a kan tukwanen makaranta. Na kira wayarka har na gaji. Na san tana aljihun tebur tare da na'urar kunnen da ƙanena Daesik ya saya maka, kowacce tana jiran ranar da za ka tuna da ita. Shi ya sa na koma takarda, tun da ita kaɗai kake saurara.

Ga abin da ya sa na rubuto, kuma don darajar kakanninmu kada ya fita daga bakinka. Ka san a watan Maris Umma za ta cika shekara tamanin. Daesik ya ɗauki nauyin wurin walima da abinci, ni kuwa na ce tawa kyautar daban ce. Shekara biyu ke nan, duk zuwan da na yi gida ina tsaye a bayanta da ma'auni da takarda. Ta ɗebo gishiri da hannu, in tara kwano in auna kafin ya faɗa tukunya, ita kuma tana faɗa wai na hana ta aiki. Da haka na haɗa girke-girkenta kusan duka: kimci, kabejin nan da ake tsumawa da barkono, miyar ganyen teku, daddawar waken suyan da take ajiyewa a randuna, har gasasshen kifin nan da kake tsotse ƙayarsa. Na ɗauki hotuna, na rubuta kowanne daki-daki. So nake in zuba su a shafin intanet, yadda duk mai waya zai buɗe ya dafa, in nuna mata ranar walimar a gaban kowa.

Komai ya kammala sai abu ɗaya, suna. Ba a buɗe shafi sai da suna, don shi ne adireshin da mutane za su nema. Na gwada "Hannun Umma", an riga ni. Na gwada "Ɗanɗanon Tsibiri", an riga ni. "Girkin Gida" kam ban ma san mutum nawa suka riga ni ba. Ashe kowa a ƙasar nan yana da uwa mai hannu, kuma kowa ya riga ni tunawa da tasa.

Na yi gangancin tambayar Daesik. Ko tunani bai yi ba ya ce, "Yaya, mene ne abin wahala? Ki sa 'Girkin Uwar Daesik' mana, ai da shi kowa ya san ta." Ka ji fa! Mutumin da ko ruwan shayi bai iya dafawa ba. Ni ce babba, na ba shi shekara huɗu, ni na tsaya a bayanta hayaƙi yana shigar mini ido, amma sunansa za a rataya a ƙofa. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da ba ya maimaituwa.

Kai malami ne, ka ƙare rayuwarka kana koya wa yara kalmomi. Ka taimake ni da suna mai kyau, gajere, wanda bakin kowa zai iya ɗauka. Kada ka ce wa Umma na rubuto.

'Yarka,
Insuk


Tsibiri, tsakiyar Nuwamba

Insuk 'yata,

Takardarki ta same ni lafiya. Na karanta ta sau biyu, ba don daɗinta ba, don rubutunki har yanzu kamar kaza ta taka tawada. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, mun saba da juna. Maganar na'urar kunne kuwa, bar ta inda take. Na sa ta wuni guda na ji abin da mutanen ƙauyen nan ke faɗa, na ga ba abin da ya wuce ni.

Yaya, mahaifiyarki, tana lafiya lau. Jiya aka gama haɗa kimcin hunturu, matan layinmu duk sun taru a tsakar gidanta, ita ce mai ba da umarni, ba mai ɗaga cokali sai ta ce. Kin san tun rasuwar matata, a gidanta nake cin abincin rana da na dare, don haka in akwai wanda ya isa ya yi magana a kan girkinta, ni ne. Yanzu kuma ta samo sabon salo. Kowace Talata da Juma'a sai ta rataya jaka ta tafi zauren ƙauye, wai makarantar tsofaffi. Wata yarinya ce ke zuwa daga garin Wando tana koya musu karatu da rubutu. Na leƙa sau ɗaya, abin da na gani mata ne suna ɓare lemo suna gulmar surukansu. Na ce mata, "Yaya, ga malami a gida kyauta." Ta ce malamin gida ya ci abincinsa ya yi shiru.

Na zauna na yi nazari a kan maganar suna, na buɗe tsofaffin littattafaina, ga abin da na fito da shi. Na farko, "Zauren Ƙamshi Dubu". Na biyu, "Taskar Tsofaffin Randuna". Na uku, "Gishiri da Haƙuri". Ni dai na farkon ne ya kwanta mini, yana da nauyi, mutum zai ji shi ya gyara zama.

Game da Daesik, kada ki ɗau zafi. Haka muka taso muka tarar, mace in ta haifi namiji da sunansa ake kiranta. Ba raini ba ne, hanya ce da aka daɗe ana bi. Amma na yarda yaron nan ba shi da kunya, ko kimci bai san ta ina ake yanka shi ba.

Asirinki yana nan a rufe. Ki ci abinci da kyau, ki daina tsayuwa ba hutu.

Kawunki,
Pyo Manbok


Incheon, ƙarshen Nuwamba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma murna da jin gwiwa ba ta ƙara ba. Mura ta zaga makarantarmu, mata biyu a kicin sun kwanta, ni ce mai yanka, ni ce mai juyi, amma ina tsaye.

Kawu, "Zauren Ƙamshi Dubu" fa? Haba! Na karanta wa abokan aikina, ɗaya ta tambaye ni ko shagon turaren jana'iza zan buɗe. Kada ka ji haushi, na gode da wahalar da ka yi. Amma na samo sunan, kuma ina mamakin yadda ya ɗauke ni wannan lokaci alhali yana gabana.

Ka tuna bazarar da ta wuce da na kai ta asibiti a Wando a duba mata ido? Muna zaune a layi, ma'aikaciya ta fito ta kira sunanta na yanka da ƙarfi. Umma ba ta motsa ba. Aka sake kira, tana kallon ƙasa. Sai a na uku ta miƙe, shi ma sai da na taɓa ta. Kawu, uwata ta manta sunanta! Abin ya tsaya mini a rai har yau. Ta shigo gidanmu aka ce amaryar gidan Yeom. Aka haifi Daesik aka ce uwar Daesik. Yanzu yara na cewa kaka. Duk tsibirin nan an ci daga hannunta, amma ka tsayar da mutum goma ka ce su faɗi sunanta, ba za ka sami ɗaya ba.

To ni zan mayar mata da shi. Shafin zai ci sunanta, na gidan ubanta, wanda aka raɗa mata. Pyo, sannan Hu, sannan Nam. Ka yafe ni, ban taɓa haɗa su a bakina ba, ko yanzu da nake rubutawa sai da na rarraba su. Amma a shafin a haɗe zai fito, manya-manya, duniya ta karanta. Na duba, wannan kam ba wanda ya riga ni.

Na san ma'anarsa, ba sai ka buɗe mini littafi ba: "namiji na biye". Na san haka ake yi a da in 'ya'ya mata sun yi yawa. Amma wa ke tono ma'anar suna a zamanin nan? Suna suna ne, kuma nata ne ita kaɗai, ba na miji ba, ba na ɗa ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ba tare da ka fasa ƙwan ba, ka ɗan gwada ta. Ka kira ta da shi kamar da wasa, ka ga fuskarta, ka rubuto mini abin da ka gani.

'Yarka,
Insuk


Tsibiri, farkon Disamba

Insuk,

Lafiya muke, iska ce dai ta fara, teku ya ɓata rai. Ki sha ruwan citta saboda murar nan.

Kai, madalla da wannan tunani! Na ajiye sunayena uku ba tare da baƙin ciki ba, ko da yake abokiyar aikinki ba ta san kalma mai daraja ba. Sunan Yaya suna ne mai albarka, kuma ba wanda zai faɗa miki haka da hujja kamar ni, don ni ne hujjar. Mahaifinmu ya haifi mata uku a jere, ta huɗu ta zo, ita ce Yaya. An ce wuni guda bai shigo gida ba. Wani dattijo ya ba shi shawara ya sa mata sunan da zai buɗe hanya, ya sa. Bayan shekara biyu sai ga ni! Aka ɗaura igiya a ƙofar gida aka jera mata jan barkono, duk mai wucewa ya san namiji ya sauka. Har mahaifinmu ya rasu yana cewa sunan nan ya yi aikinsa. A goye a bayanta na fara zuwa makaranta, ta ajiye ni a aji ta jira ni a waje har a tashi. Kin ga ke nan ni da sunan nan tare muka girma.

Na yi gwajin da kika ce. Shekaranjiya tana tsaye tana juya miya, ni ina zaune ina jiran kwanona, sai na ɗaga murya na ce, "Yaya Hunam, yau me muka samu?" Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce wani abu. Ban ji duka ba, amma daga leɓenta kamar cewa ta yi, "Wa ya tono wannan?" Daga nan ta cika mini kwano har yana zuba, abin da ba ta saba ba. Ni a ganina abin ya taɓa zuciyarta. Mutum ya shekara sittin bai ji sunansa a gida ba, dole ya rasa abin faɗa.

Sai dai ga wani abu da ya kamata ki sani. Miyar ranar gishiri ya yi mata yawa, kamar an ɗebo ta daga bakin teku. Na shanye don kada ta ji kunya. Tunda nake ban taɓa jin hannunta ya kauce ba. Tsufa ya fara taɓa ta, 'yata. Ki hanzarta da shafin nan tun tana iya gane girkinta a hoto.

Kawunki


Incheon, tsakiyar Janairu

Kawu,

Barka da shiga sabuwar shekara, da fatan sanyin nan bai taɓa ka ba. Shiru ya yi yawa. Tun tsakiyar Disamba na rubuto maka na ce in akwai gyara ka faɗa kafin wata ya ƙare, don masu buga tawul sun matsa mini. Ban ji komai ba. Na san halinka, da akwai abin kushewa da ka cika mini shafi huɗu. Don haka na ɗauki shirun a matsayin amincewa.

An gama. Na yi rajistar shafin da sunanta, yana nan a kulle sai ranar walima. Tawul ɗin da za a raba wa baƙi kuma an buga su, guda ɗari biyu, farare masu kauri. A jikin kowanne an rubuta "Girkin Pyo Hunam" da shuɗin zare, ga adireshin shafin a ƙasa. Ka ga na iya rubuta shi a haɗe yanzu. Da na ɗauko na farko daga kwali sai da na zauna, hawaye suka zo mini. Na aika kwalayen da sunanka, gidanka za a kai, ka tura su ƙarƙashin gado har Maris.

Maganar gishiri ta hana ni barci. Na kira ta na zagaya na tambaye ta ko hannunta na rawa. Ta ce hannunta lafiya lau, in je in tambayi harshen kawuna. Ban gane ba, amma muryarta garau take, hankalina ya ɗan kwanta.

Ka rubuto ko layi biyu ne.

Insuk


Tsibiri, ƙarshen Janairu

Insuk,

Lafiyar jiki muna da ita, ni da Yaya. Sauran kuwa ki gyara zama ki karanta.

Shirun da kika ji ba amincewa ba ne. Iska ta hana jirgi zuwa, in ya zo yau sai ya yi makonni bai dawo ba, ni kuma zazzaɓi ya kwantar da ni a tsakani. Na rubuta miki takarda tun Disamba cewa ki dakata, tana nan a aljihun rigar sanyina har yanzu. Takardunki biyu da kwalayenki a jirgi ɗaya suka iso.

Ga abin da ya sa na ce ki dakata. Gishirin nan bai tsaya a rana ɗaya ba, kullum miyata kamar ta tsage harshe. Wata rana maƙwabciyarta tana cin abinci tare da mu, na ga tana sha tana lumshe ido. Na miƙa cokali na ɗanɗani tata. Insuk, miyarta daidai take! Kwanona kaɗai ake bi da gishiri. Ba tsufa ba ne, hukunci ne.

Yanzu kwalaye. Mai kawo kaya ya san in rana ta yi tsaka ba a samuna a gidana, sai ya wuce da su gidan Yaya kai tsaye. Ranar Juma'a ce, ƙawayenta na makaranta sun biyo ta shan shayi. Kafin in haɗiye lomar da ke bakina sun farke kwali. Ni da na ce gulma kawai suke yi a zauren nan, ashe sun iya karatu. Suka ɗaga tawul suka shiga haɗa baƙi da ƙarfi kamar a aji, wannan ta ce "Hu", waccan ta ce "Nam". Sai ɗaya ta tafa hannu ta ce, "Af! Uwar Daesik, ashe ke ce mai kiran namiji? To ki kira wa jikata ɗaya mana, mata uku gare ta!" Aka kwashe da dariya. Yaya ta karɓi tawul ɗin ta karanta da kanta, da yatsa, har adireshin da ke ƙasa. Ta ninke shi ta mayar. Ta ce wa matan shayi ya ƙare.

Da suka fita ta tsaya a kaina tana magana. Na ga abin ba na karatun leɓe ba ne, na je gida na ɗauko na'urar na sa na dawo. Dole na faɗa mata komai, shafin, walimar, da gwajin da kika sa ni. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Manbok, wannan ba sunana ba ne, aike ne. Ni aka haifa, amma kai ake kira. Duk wanda ya buɗe baki ya faɗe shi, cewa yake ba ni ake so ba, a kawo na gaba. A asibiti ina jinsu sarai, so nake su gaji su daina. Na yi shekara sittin na samu ya mutu, yanzu 'yar da na haifa ta tono shi ta buga a tawul, mutum ɗari biyu su goge fuska da shi, sauran duniya kuma su karanta a waya."

Na ce ai alheri kika nufa. Ta ce ta sani, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ta ce walimar nan a yi ta lafiya, amma ba da ita ba, kuma randunanta da tukwanenta ba wanda zai sake ɗaukar hotonsu. Sannan ta ce, "Ina da sunan da nake so, ba wanda ya taɓa tambayata." Na ce wanne ne? Ta ce in ɗauki kwanona in tafi.

Tun ranar taliyar leda nake ci a gidana. Ni dai ban taɓa kallon sunan nan ta wannan gefen ba, kullum ta gefena nake ganinsa. A kan hanya yara sun fara kiranta da shi, ta daina zuwa makarantar. Ki yi wani abu, 'yata, Maris ya kusa.

Kawunki


Incheon, farkon Fabrairu

Kawu,

Na gode da ka faɗa mini gaskiya. Ina fatan zazzaɓin ya sake ka gaba ɗaya. Ni ba na jin daɗin komai, jiya har na ƙona shinkafar yara.

Na goge sunan daga shafin a ranar da takardarka ta zo. Na kira ta ba sau ɗaya ba. Tana ɗauka ta ce, "Kin ci abinci?" In ce na ci, ta ce to, ta ajiye. Ko faɗa ba ta yi mini, da ma ta yi.

Kunya ta ishe ni. Ina zaune kusa da ita a asibitin nan, kafaɗata na taɓa tata, na ga abin da idona, amma na karanta shi a juye don ya dace da abin da nake so.

Maganar sunan da take so kuwa, ba sai an yi duba ba, na san shi. Shekara hamsin da wani abu ana kiranta uwar Daesik tana amsawa da fara'a. Daesik ya faɗa tun farko, kai ma ka faɗa, ni ce na ƙi ji. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana mini ciwo. Tun ina ƙarama in an tsaya a ƙofa an ce "Uwar Daesik tana nan?" ni ke zuwa in buɗe, in ji kamar ba a gidan aka haife ni ba. Ƙila ma shi ya sa na je na tono wancan sunan, don dai kada a sa nasa. Amma walimarta ce, girkinta ne, ba nawa ba.

Ka gaya mata na yarda. Zan sa "Girkin Uwar Daesik", zan sa a sake buga tawul, waɗancan kuma a ƙona su. Ita dai ta zo ta zauna a kujerarta ranar. In ba ta son ganina ma, zan tsaya a kicin, na saba.

Insuk


Tsibiri, tsakiyar Fabrairu

Insuk,

Ni ce. Ina lafiya. Ki daina ƙona shinkafar 'ya'yan mutane.

Kawunki ya zo da takardarki zai karanta mini, na karɓe na karanta da kaina. Ta ɗauke ni kwana biyu, rubutunki ba kyau. Ya ce zai rubuta mini amsa, na ce a'a. Wannan hannuna ne. In kin ga baƙi ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Ke ma kin gaji kunnen kawunki. Ana magana kina jin wata. Wa ya ce miki uwar Daesik?

Ki saurara. Ranar da na haife ki, kakarki ta leƙo ta ga mace ce ta koma ɗakinta. Ta ce a sa miki suna irin nawa, ko na gaba zai zo namiji. Na juya wa bango fuska na ƙi cin abinci, har ubanki ya je ofis ya rubuta Insuk. Wannan ne faɗa na farko da na ci a gidan nan. Ban taɓa gaya miki ba don ba a tambaye ni ba.

Da na fara fita da ke a baya, na je bakin rijiya, wata mata ta ce, "Uwar Insuk, matso da tulunki." Na waiga ina neman wadda ake kira. Ashe ni ce. Na dawo gida ina maimaita shi a hanya. A gidanmu sunana yana jiran wani. A gidan miji ni amaryar wasu ce. Wannan kuwa ba ya jiran kowa, kin riga kin zo, kina bayana kina jan gashina. A shekarun nan na koyi haɗa daddawa, na sayi randata ta farko. Duk abin da kika bi ni kina aunawa, uwar Insuk ce ta fara dafa shi.

Shekara huɗu na yi da sunan. Da aka haifi Daesik, kakarki ta tsaya a tsakar gida ta ce daga yau uwar Daesik. Ban ce komai ba, a lokacin ba a cewa. Daesik ɗana ne, ina sonsa, ba laifinsa ba ne. Na amsa sunansa shekara hamsin, ya isa haka. Duk ranar da kika je buɗe ƙofa ina ganin fuskarki. Ina gani.

Kada ki ƙona tawul, masu kauri ne. Na sa an kai wa kawunki duka. Ai shi aka yi wa sunan, ya goge jikinsa da shi har ƙarshen ransa. Na dawo masa da kwanonsa jiya, ya rame. Gishirin da kika auna a miyar ganyen teku daidai ne, kada ki gyara, nasa ne kawai na ƙara.

Na koma makaranta. Wadda ta yi mini dariya na tambaye ta nata sunan a gaban kowa, ta ƙi faɗinsa, dariyar ta ƙare.

Zan zo walimar. Ba a kicin za ki tsaya ba, kusa da ni za ki zauna ki nuna mini abin a waya, ni zan karanta sunan da bakina. Kawunki ya ce wai in an riga mutum ba a ba shi suna. Ki je ki duba. In an riga ki, ki gaya musu ni ce ta farko.

Ki zo da yunwarki.

Uwar Insuk